Wayar Ƙararrawar Inna

A shekarar da ɓarin jikin Inna ya shanye, ina gyaran keke ne a gindin wata tsamiya a bakin kasuwar Batsari. Lokacin Turawa ba su tafi ba, ana dai ta raɗe-raɗin tafiyarsu. Ina da mata da yara biyu ƙanana, kuma Inna, mahaifiyata, a hannuna take tun rasuwar Baba. Yayana yana can Zakka yana noma, sai jefi-jefi yake leƙo mu.

Ciwon ya same ta ne bayan an gama yankan gero. Hannun dama da ƙafar dama suka mutu, baki ya karkace, muryar da a da take kiran awaki da ita daga bayan gari ta koma kamar raɗa. Ɗakinta yana can ƙuryar gida, madafa kuwa tana kusa da zaure. Wata rana da hantsi matata tana surfe, Inna ta miƙa hannu za ta ɗauki ƙwaryar ruwa, ta zamo daga kan gado. Tana nan kwance, kunci a ƙasa, har aka gama surfen aka yi wanki aka shanya. Ta ce ta yi ta kira. Babu wanda ya ji.

Ba a daɗe ba Kawu, ƙanin Inna, ya zo dubiya. Shi kuku ne a barikin Katsina. Da muka ba shi labarin faɗuwar, sai ya koma Katsina, bayan kwanaki ya aiko mini da wani ƙunshi ta hannun direban motar gyaɗa. Ƙararrawa ce a kan ɗan katako, da wata 'yar guduma a gefenta. Ya ce a gaya mini da ita Baturensa yake kiransa daga ɗakin cin abinci, da Baturen zai koma ƙasarsu ya yar da ita. Batir take so, da waya.

Batir ba wuya, na tocila ma ya isa idan an jera su. Na jera a cikin wata gora da na fafe, na ciro guntun wayar fitilar keke na haɗa. Ƙararrawar ta ɗauki ƙara har kaji suka watse. Amma guntun bai fi kamu biyu ba, ni kuwa ina neman wadda za ta tashi daga gadon Inna ta ratsa tsakar gida ta kai madafa, ta kuma dawo. Na zaga Batsari kaf ban samu ba. Sai wani mai kawo mini keke ya ce akwai wani ɗan koli da ke cin kasuwar Safana, an ce yana da waya, amma ba ya baje ta.

Wannan “ba ya baje ta” ita ta fara tsaya mini a rai. Duk da haka ranar kasuwa na yi sammako, na ɗaure ƙararrawar da gorar batir a bayan keke, na zuba reza da ashana a aljihu, da maganaɗisun da na ciro daga wani mataccen injin fitilar keke. Na san abin da nake gudu. A sana'ata na sha ganin wayar da ke da kyau a ido, ka ɗaura ta yau, kafin damina ta ƙare ta yi tsatsa a ciki ta karye, roba tana nan lafiya lau a waje kamar ba abin da ya faru. Fitilar keke in ta mutu sai mutum ya sauka ya tura. Wannan kuwa in ta mutu, Inna za ta yi ta dannawa ne tana zaton ana zuwa.

Na iske mai wayar a layin 'yan koli, wani siririn mutum mai furfura a gemu, ya shimfiɗa tabarma ya jera kwaɗo da madubai da allurai da batura. Muka gaisa, gaisuwa mai tsawo, ya tambayi gida da iyali da gajiyar hanya, amma duk lokacin idonsa yana kan ƙunshin da ke bayan kekena. Da na ce waya nake nema, sai fara'ar ta ragu.

“Wa ya ce maka ina da waya?”

“A Batsari na ji, Malam.”

“Batsari da faɗi. Wa?”

Na ce wani mai keke ne. Ya dube ni daga hula har takalmi. Daga baya na gane wandon kakin da na sa ne ya dame shi, wani tsoho da Kawu ya ba ni. Ya ɗauka ni ɗan rahoton 'yan doka ne. A kwanakin ana ta cigiyar waɗanda suka yanke wayar tangaraho a wata hanya, har an yi shela a kasuwanni. Ni kuma kallon da yake yi mini ya ƙara tabbatar mini akwai abin da yake ɓoyewa. Haka muka zauna, kowa yana auna ɗan'uwansa.

Sai da na kwance ƙunshin na nuna masa ƙararrawar, na ba shi labarin Inna, sannan ya ce, “Allah ya ba ta lafiya,” ya ɗaga gefen tabarma ya jawo wani buhu. Ya fito da waya naɗi guda, ja, robarta tana sheƙi, an ɗaure ta tsaf da ƙyalle a wurare.

“Wannan daga Ikko ta zo,” in ji shi. “Ba ka samun irinta ko a Katsina.”

Ya miƙo mini bakinta na waje. Na sa reza na fere robar. Zaruruwan ciki jajaye ne, masu laushi, na murza su da yatsa suka kwanta. Na kankare ɗaya, ja ne har ciki. Na kanga maganaɗisu, bai kama ba. Jan ƙarfe ne na gaske. Da a nan na tsaya da na saya.

Abin da ya hana ni shi ne yadda ya riƙe naɗin. Bai sakar mini ba. Bakin kawai ya ba ni, sauran yana kan cinyarsa, tafin hannunsa a kai. Na ce ya ba ni in ga ɗaya bakin.

“Ai duk ɗaya ne.”

“To in duk ɗaya ne, Malam, mene ne na hanawa?”

“In ka warware ba ka saya ba, wa zai naɗe mini?”

Na ce ni zan naɗe. Ya saki da ƙyar. Ban ma kai ga warwarewa ba, na ɗora maganaɗisun a tsakiyar naɗin, sai ya manne ya tsaya cak, na juya naɗin ƙasa bai faɗo ba. Na zaro bakin ciki na fere. A ido ja ne shi ma, amma da na kankare da reza sai jan ya tafi kamar lalle, farin ƙarfe ya bayyana. Zaruruwan suna da tauri, ɗaya ya soke ni a yatsa. Na bi ta da hannu daga bakin waje, ban yi nisa ba na ji ƙulli a ƙarƙashin ƙyallen farko. Na zame ƙyallen. Nan aka haɗa guntun mai kyau da sauran, aka rufe mahaɗin.

Na ɗago na dube shi. Ya karɓa, ya juya mahaɗin, ya kama haɓa.

“La ilaha illallahu. Wallahi a haka na saye ta a Kano. An cuce ni.”

Har yau ban san ko gaskiya ya faɗa ba. Mamakin da ke fuskarsa ya yi kama da na gaske. Amma ƙyallen da aka rufe mahaɗin da shi irin na buhun da ya jawo ne, launi ɗaya, saƙa ɗaya. Na tashi zan ɗaure kayana.

“Tsaya, ɗan'uwa,” ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa. “Akwai wata. Ba ta da kyan gani.”

Lallai ba ta da shi. Baƙa ce, an lulluɓe ta da saƙaƙƙen zare mai danƙon kwalta, tana warin tsohon ɗaki. A ƙarƙashin zaren akwai roba siririya. Wannan karon ban jira ya miƙo mini baki ba. Na karɓe naɗin duka, na bi shi da maganaɗisu ciki da waje, bai kama ko'ina ba. Na fere baki biyu, na kankare, ja ne. Na lanƙwasa zare ɗaya gaba da baya har hannuna ya gaji kafin ya tsinke. Zaren jar wayar kuwa lanƙwasa kaɗan ya ɓalle. Na ƙyasta ashana na kanga wa robar, ta yi hayaƙi ta narke a hankali, ba ta farfashe kamar busasshen ƙanzo ba, wato ba ta tsufa ta mutu ba.

Sai hankalina ya koma wani wajen. Waya mai kyau haka, me ya sa ya ɓoye ta ya fara nuna mini marar kyau?

“Ina ka samo ta?”

“Gwanjon kayan soja, a Kano.”

“Bakin nan sabon yanka ne, Malam. Dubi yadda yake ƙyalli.”

“Na yankar wa wani a makon jiya.”

“Wa?”

Ya yi murmushin da bai kai ido ba. “Safana da faɗi,” ya ce.

Saura gwaji ɗaya, wanda saboda shi na ɗauko ƙararrawar tun daga gida. Waya tana iya yin kyau a baki biyu alhali ta tsinke a tsakiya, kuma tana iya kai wuta a gajeren zango ta kasa a dogo. Na haɗa baki ɗaya da batir, ɗaya da ƙararrawa, yadda sai wutar ta bi tsawon naɗin gaba ɗaya kafin ta isa. Ɗan kolin ya ce, “Kada ka yi a nan,” amma na riga na taɓa.

Ƙarar ta tashi a tsakiyar layin 'yan koli, da ƙarfinta, babu ko rawar murya. Mata masu tallan nono suka juyo, mahauta suka leƙo daga rumfarsu, nan da nan aka kewaye mu. Mutumin ya tura jar wayar ƙarƙashin tabarma ya zauna a kai. Can sai taron ya dare, ɗan doka ya shigo da jar hularsa da kulki a hammata.

“Mene ne wannan?”

Na durƙusa na ce, “Ranka ya daɗe, ƙararrawa ce ta marar lafiya.” Na sake ba da labarin Inna, wannan karon a gaban jama'a, abin da ban so ba. Ya saurara, fuskarsa ba ta nuna komai ba. Ya sa kulki ya ɗaga baƙar wayar.

“Ta wa ce?”

Ɗan kolin ya ce, “Tasa ce, ranka ya daɗe, ya saya.”

Ban saya ba tukuna. Ko ciniki ba mu fara ba. Na dube shi, ya kawar da kai yana gyara jerin madubai. A nan na gane in wayar ta sata ce, to ya riga ya ɗora mini ita. Na ce, “Ranka ya daɗe, daga buhunsa ta fito yanzun nan, mutanen nan shaida ne.” Babu wanda ya tsaya mini a cikin mutanen.

Ɗan dokan ya tsuguna ya murza wayar. Ya ce wadda aka yanke a hanya tsirara ce, mai kauri, ba ta da riga irin wannan. Na fara sakin numfashi. Sai ya karɓi rezata, ya yanki kamar taƙi guda, ya naɗe a yatsa ya sa a aljihu. Ya tambaye ni garinmu da sana'ata da inda nake zama a kasuwa, ya maimaita a hankali kamar mai hadda, ya tafi. Bai tambayi ɗan kolin komai ba, kuma wannan ma ya tsaya mini.

Na saya duk da haka, don ba ni da wata. Cinikin bai yi tsawo ba. So yake ta bar hannunsa. A hanyar komawa duk mai doki ko mai keken da na hango a bayana sai na rage gudu in ga ko ni yake bi.

Washegari na kafa gwafanni a tsakar gida na bi da wayar ta sama, layi biyu a murɗe da juna, na ratsa da ita ta saman katangar ɗakin Inna. Madannin kuwa na yi shi da ɓallen gwangwani biyu a kan katako, in an danna na sama ya taɓa na ƙasa. Ina cikin aikin Yaya ya iso daga Zakka da damin dawa a kan jaki. Ya tsaya a bakin zaure yana bin wayar da ido.

“Mi ne ne wanga kuma?”

Na yi masa bayani. Ya girgiza kai. Ya ce ya ji labarin wutar Turawa, ta kashe mutum a Kano yana tsaye. Ya ce jinka ce a kan ɗakin, ga tsohuwa ba ta iya gudu. Na ce wannan ba irin waccan ba ce, ta tocila ce. Na ɗora bakin wayar biyu a harshena don ya gani. Ya karɓa ya ɗora a nasa, ya yamutsa fuska, ya tofar.

“Tana cizo.”

“Iyakarta ke nan, Yaya.”

“Yau iyakarta ke nan,” ya ce. Ya kwana biyu a gidan, kuma duk wucewar da zai yi sai ya taɓa wayar da bayan hannu ya ji ko ta yi zafi.

Inna ma ba ta yarda da ita ba. Na ajiye madannin kusa da hannunta na hagu, ta ture shi da gwiwar hannu. Da na matsa mata, ta yi magana a hankali, sai da na kai kunne bakinta: ba za ta kira mutane da hagu ba kamar masu laifi. Matata ce ta shawo kanta. Ta zauna a bakin gado ta ce, “Inna, ranar da kika faɗi ban yi barci ba. In ba ki danna ba, ni ce ba zan iya yin girki da kwanciyar hankali ba.” Ta kama hannun ta ɗora a kai, suka danna tare. Daga can madafa ƙarar ta amsa. Inna ta zare ido, sannan rabin bakinta mai rai ya motsa.

Rani ya wuce lafiya. Ɗan doka bai zo ba, ko da yake duk ranar kasuwa ina duban hanya daga gindin tsamiya. Sai da aka yi ruwan farko abin ya ɓullo. Wata rana da la'asar ƙararrawa ta buga, matata ta bar tukunya ta ruga, ta tarar Inna tana barci, hannunta a ƙarƙashin zane. Bayan kwana biyu ta sake, gajeren bugu, sau biyu. Ina gida ranar. Na shiga da gudu, Inna ta dube ni ta girgiza kai.

Magana ta fita. Maƙwabta suka ce kayan soja ne, wa ya san hannun mamacin da ya taɓa ta. Wata tsohuwa ta daina shigowa dubiya. Yaya ya aiko daga Zakka cewa in cire abin nan kafin ya zo ya cire da kansa. Ni ba wannan ya dame ni ba. Zargina ya koma kan ɗan kolin: na ce lallai akwai wani ha'incin a cikin naɗin da gwajina bai kama ba, wani wurin da ya yi wa kwaskwarima ya shafe da kwalta. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne matata ta fara jinkiri in ta ji ƙarar, tana jira ta ji ko za a sake.

Na bar aiki na wuni a tsakar gida ina kallon waya. Da yamma hadari ya taso, iska ta kaɗa gwafanni, ƙararrawa ta buga. Iska ta lafa, ta yi shiru. Na ɗauko tsani na hau katangar ɗakin Inna. A daidai inda wayar ta kwanta a kan ƙasar katanga, gara ta yi gini a kanta. Na fasa ginin. Garar ta cinye zaren, robar kuma gugar katanga ta tsaga ta, jan ƙarfe biyu suna kwance tsirara kusa da juna, iska na motsa su suna haɗuwa. Na duba wurin da kyau ina neman alamar tsohon gyara. Ban gani ba. Amma gara ta riga ta cinye duk abin da zai iya zama shaida.

Na yanke wurin na sake haɗawa, na raba layukan biyu nesa da juna, na zura kowanne a wuyan fasasshiyar kwalba inda zai haye katanga. Na kira maƙwabcina na nuna masa ginin garar a tafin hannuna. Ya duba ya ce, “To,” irin “to” ɗin da ba ta nufin an yarda. Daga ranar ba ta ƙara bugawa da kanta ba. Inna ta yi amfani da ita har damina ta biyu, wadda a cikinta Allah ya karɓi abinsa. Wani lokaci ruwa take so, wani lokaci juyi, wani lokaci kuma in an je sai ta nuna ƙofa da ido, akuya ce ta shiga shanyar gero.

Bayan an yi kaka na koma Safana sayen kayan keke wurin wani da ya rufe sana'a, na bi ta layin 'yan koli. Wani yaro mai sayar da turare ne a wurin tabarmar mutumin. Na tambayi na kusa. Mai sayar da wuƙaƙe ya ce an kama shi tun bazara, an tafi da shi Katsina a kan maganar waya. Mai goro na gefensa ya ce ƙarya ne, bashin mutane ya yi masa yawa ya tsallaka Maraɗi. Wani dattijo da ke jin mu ya ce duk ba haka ba ne, ai ɗan dokan nan surukinsa ne, tare suke cin abinci, an yi wa ɗan dokan canjin gari shi kuma ya bi shi. Da na tambayi wane gari, sai dattijon ya dube ni, ya dubi wandona na kaki, ya ce shi bai ce komai ba.

Na sayi goro a wurin mai goron don kada tambayar ta zama ita kaɗai ce ta kawo ni, na ɗaure kayana, na kama hanyar Batsari tun rana ba ta yi sanyi ba.